Tambayoyi da Amsoshi: Haɗa Kwamfutar Tebur da Kuɗin Ɗalibi a Zariya

Da an koma makaranta, ɗalibai daga Samaru, Kongo da Nuhu Bamalli sukan zo mini da 'yar takarda a hannu, an rubuta sunayen kayan da aka kwafo daga bidiyon wani Bature. Yawancin kayan masu kyau ne. Sai dai wanda ya yi bidiyon yana zaune ne a ɗaki mai sanyi, ba a ɗauke masa wuta, ƙura ba ta shiga masa. A Zariya kuwa abubuwa uku ne ke kashe kwamfuta: wuta, zafi da ƙura. Ga tambayoyin da aka fi yi mini, da amsar da nake bayarwa.

Laftof ba ta fi ba? Me zai sa ɗalibi ya ɗauki wahalar haɗa ta tebur?

Idan aikinka rubuta aikin gida ne da karanta takardu, sayi laftof ka huta. Tana da batir, kana iya tafiya da ita ɗakin karatu na Kashim Ibrahim, kuma abin da take ci na wuta bai cika wuce wat 65 ba. Kwamfutar tebur ta wanda aikinsa ke da nauyi ce: ɗan sashen zanen gine-gine mai fama da AutoCAD da Revit, ɗan injiniya mai MATLAB, mai zana taswira, mai haɗa bidiyo. Da kuɗi ɗaya, ta tebur takan fi ƙarfi, ta fi jure zafi, kuma in abu ɗaya ya lalace shi kaɗai za ka sauya. Amma in a ɗakin kwanan ɗalibai kake, ku huɗu ko shida kuna rabon soket ɗaya, sake tunani.

Kuɗina kaɗan ne. Ina zan matse hannu, ina zan saki?

Matse hannu a kan akwati mai gilashi, fankoki masu fitilu kala-kala, da madabod (babban allon da ake jona sauran kayan a jikinsa) mai suna kamar na jirgin yaƙi. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Saki hannu a wuri uku: akwatin wuta (mai raba wa kayan ciki wuta), RAM (ma'ajiyar wucin gadi ta aikin da ake kan yi), da abin da zai tsaya tsakanin kwamfutarka da soket ɗin bango. Furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfutar) mai matsakaicin ƙarfi za ta kai ka har ranar yaye ɗalibai. Akwatin wuta na banza ba lallai ya ga ƙarshen zango ɗaya ba.

Kada ka manta monita, kibod, maus da UPS (na'ura mai batir da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta) suna cikin lissafi. Na sha ganin ɗalibi ya ƙarar da kuɗinsa kakaf a kan abin da ke cikin akwati, ya koma yana aron talabijin ɗin maƙwabci.

Wace furosesa zan saya, Intel ko AMD?

Musun Intel da AMD kamar musun 'yan ƙwallo ne a majalisar mai shayi, ba ya ƙarewa. Abin da ya shafe ka shi ne ko furosesar tana fitar da hoto da kanta.

Ga mai ƙaramin ƙarfi, Ryzen 5 5600G ta AMD, wadda ta fito a 2021, ita nake fara ambata. Tana da cibiyoyin aiki 6, an ƙiyasta zafinta a wat 65, tana zuwa da fankarta a kwali, kuma sashen hoton da ke cikinta ya isa zanen AutoCAD na yau da kullum da wasanni marasa nauyi. A ɓangaren Intel akwai Core i3-12100 ta 2022, mai cibiyoyi 4. Kada sunan i3 ya sa ka raina ta. Ta fi tsofaffin i7 da yawa da ake tallatawa a kasuwa.

Nan ne ake yi wa ɗalibai wayo. I7 suna ne na dangi, ba ya gaya maka shekarunta. Dubi lambobin da ke biye: i7-3770 ƙarni na uku ce, ta 2012, i5-8500 ƙarni na takwas. Windows 11 a hukumance daga ƙarni na takwas na Intel ko Ryzen 2000 ta fara karɓa, Microsoft kuma ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025.

Sai haruffan ƙarshe. A Intel, F na nufin ba ta fitar da hoto, dole ka sayi katin hoto daban. A jerin Ryzen 5000, mai G ce ke fitar da hoto. Ryzen 5 5600 zalla ba ta yi.

Kowace madabod tana karɓar kowace furosesa?

A'a. Ryzen 5000 tana zama ne a gurbin AM4, wato madabod irin B450 ko B550. Intel ƙarni na 12 tana son LGA1700, kuma H610 ita ce mai sauƙin kuɗi a nan. Idan B450 ce tsohuwar ajiya, mai yiwuwa sai an sabunta mata BIOS, wato 'yar manhajar da ke cikin madabod ɗin, kafin ta san 5600G, don haka ka sa mai shago ya ɗora furosesar ya kunna a gabanka. Gurbin AM5 da ya fito a 2022 RAM irin DDR5 kawai yake ɗauka, wanda ke ɗaga kuɗin komai. H610 kuma iri biyu ce, mai DDR4 da mai DDR5, kuma tsagar da ke ƙasan RAM ɗin ba wuri ɗaya take ba. In ta ƙi shiga, ba ƙarfi take so ba.

RAM nawa ya isa?

Gigabait 16. Takwas za ta yi aiki, amma da ka buɗe Revit da shafukan intanet goma za ka ji ta fara jan ƙafa.

Yadda ka raba ta ma yana da tasiri. Guda biyu masu 8 sun fi guda ɗaya mai 16, domin furosesa za ta riƙa ɗibar bayanai ta hanya biyu lokaci guda. Ga 5600G wannan babban abu ne, tunda sashen hotonta ba shi da ma'ajiyar kansa, daga RAM yake ara. Nemi DDR4-3200. Idan madabod ɗin mai gurbi huɗu ce, yawanci na biyu da na huɗu daga wajen furosesa ake sa wa. Bayan ka haɗa, shiga BIOS ka kunna XMP, wanda wasu madabod ke kira DOCP. In ba haka ba, RAM ɗin da ka biya kuɗin 3200 tana iya zama tana gudu a 2133 ko 2400 ba ka sani ba. RAM ɗin laftof gajeriya ce, ba ta shiga ta tebur.

SSD ko hadis?

Dukansu ma'ajiyar fayiloli ne, amma SSD za ka saya, ba tare da dogon zance ba. Hadis mai faifai yana karanta megabait 100 zuwa 200 a daƙiƙa, SSD mai SATA kusan 550, SSD mai NVMe kuwa a gurbin PCIe 3.0 tana kaiwa kusan 3,500. Gigabait 500 wuri ne mai kyau na farawa. Hadis ɗin tsohuwar laftof ɗinka ajiye shi don adana kwafin aikin kammala karatu. Duk wanda ya taɓa ganin ɗan aji huɗu yana kuka a shagon gyara saura mako biyu ya kare aikinsa ya san abin da nake nufi.

Dole ne in sayi katin hoto?

Ba dole ba ne a farko, shi ya sa nake son furosesa mai fitar da hoto: ka fara aiki yau, ka ƙara katin in hali ya yi. Mai buƙatarsa shi ne mai fitar da zanen gini mai kama da hoton gaske, mai haɗa bidiyo mai nauyi, ko mai koyon horar da ƙirƙirarriyar basira, wanda shi Nvidia zai nema saboda yawancin manhajojin fannin da CUDA, fasahar katunan Nvidia, suke aiki. GTX 1650 wat 75 take ci, kuma da yawa daga cikinsu ba sa buƙatar ƙarin waya daga akwatin wuta. RX 6600 mai gigabait 8 ta fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba, tana cin kusan wat 132.

A kasuwar kayan hannu akwai katunan jabu, tsofaffi da aka sauya wa suna a ciki. Manhajar GPU-Z kyauta ce, kuma takan tona asirin irinsu.

Akwatin da na gani yana zuwa da akwatin wutarsa, an rubuta wat 500. Ba shi ke nan ba?

Ɗauke shi a hannu ka ji. In ka ji shi sakayau kamar gwangwanin madara da aka shanye, mayar. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Akwatin wuta shi ke karɓar wutar bango mai bolt 230 ya mayar da ita bolt 12, 5 da 3.3 da kayan ciki ke sha. Nagari yana da kariya: in wuta ta yi yawa, ko aka ja fiye da ƙarfinsa, ko waya ta haɗe, sai ya kashe kansa. Na banza ba ya kashe kansa shi kaɗai, da madabod da SSD yake tafiya. Na taɓa buɗe kwamfutar wani ɗalibi da ke haya a Hayin Dogo. An kawo wuta da ƙarfi cikin dare, abin da ya tsira a ciki fanka ce da akwati. Kuɗin da ya rage a kan akwatin wutar bai kai kashi ɗaya cikin goma na asarar ba.

Duba takardar da ke manne a gefensa, layin +12V, domin daga nan furosesa da katin hoto ke sha. Ninka amfiya da 12. Idan an rubuta 18A, wat 216 ke nan, ko da an buga 500 da manyan baƙaƙe a kwali. Nagari mai wat 500 layinsa na 12 kan kusan kai amfiya 40. Tambarin 80 Plus yana nufin aƙalla kashi 80 cikin 100 na wutar da ya ja tana isa ga kayan, sauran ta zama zafi. Ba shaidar inganci ba ce ɗari bisa ɗari, kuma ana buga tambarin na jabu, amma rashinsa gaba ɗaya alama ce. Kamfanoni irin su Seasonic, Corsair da Cooler Master sanannu ne. Wat 450 zuwa 550 ya ishi 5600G har da katin hoto matsakaici nan gaba.

Abu ɗaya game da tsofaffin da aka shigo da su daga Amurka: wasu suna da ɗan jan makunni a baya, 115 ko 230. Tabbatar yana kan 230 kafin ka jona. Sau ɗaya ake yin wannan kuskuren.

Sitabilaiza zan saya ko UPS? Janareta fa?

Aikinsu daban. Sitabilaiza tana daidaita wutar da ta yi ƙasa ko ta yi sama, amma in an ɗauke, ita ma ta tafi. UPS tana riƙe ka 'yan mintuna ka adana aikinka ka kashe cikin mutunci. In guda ɗaya za ka iya saya, nemi UPS mai AVR, wato mai daidaita wuta a cikinta.

Lambar VA da ake rubutawa a jikin UPS ba wat ba ce. UPS mai 650VA abin da take iya ɗauka bai wuce wat 360 zuwa 390 ba. Kwamfuta mai 5600G da monita ba sa kaiwa rabin haka, amma in ka ƙara babban katin hoto, tashi zuwa 1000VA ko sama. Wasu akwatunan wuta na zamani ba sa jituwa da irin wutar da UPS mai araha ke fitarwa daga batir, sai kwamfutar ta mutu daidai lokacin da ake son ta tsaya. Gwada a shago: kunna komai, zare filogin UPS daga bango, ka gani.

Ƙaramin janareta wutarsa na hawa da sauka, musamman in mai ya kusa ƙarewa ko wani ya jona dutsen guga. Kada ka jona kwamfuta kai tsaye. Mai sola kuma ga lissafi: batir mai bolt 12 da 100Ah yana ɗauke da kusan wat-awa 1,200, kuma in na dalma ne rabi ake so ka sha, wato kusan awa huɗu ga kwamfuta da monita masu cin wat 130.

Da damina, in hadari ya haɗu aka fara walƙiya, zare filogi daga bango. Kashe makunni kaɗai bai isa ba. In kuma kana jin akwatin na ɗan jan ka idan ka taɓa, gidan ba shi da wayar ƙasa. Yi wa mai gida magana a kira mai gyaran wuta.

Fankar da ta zo da furosesa za ta iya da zafin Zariya?

Ga furosesa mai wat 65, za ta iya, amma da haki.

Fanka ba firji ba ce. Zafin furosesa take kwashewa ta zuba a iskar ɗaki, don haka duk digiri ɗaya da ɗakinka ya ƙaru, furosesar ma takan ƙaru da kusan ɗaya. Masu gwaji a Turai a ɗaki mai digiri 21 zuwa 23 suke aunawa. Ɗakin haya mai rufin kwano a Samaru, a watan Maris ko Afrilu da azahar, yana haura 35. Wanda ya ce maka tasa na tsayawa a 72, kai sa ran 85 ko fiye.

Wannan bai ƙona komai ba tukuna. Iyakar 5600G digiri 95 ce, ta i3-12100 kuma 100. In suka kusanci nan, da kansu suke rage gudu. Abin da za ka gani shi ne aikin da ke ƙarewa cikin awa ɗaya da hunturu yana cin fiye da haka da bazara, fanka na ta kururuwa. Saka HWiNFO ko HWMonitor, ka ba ta aiki mai nauyi na minti goma da rana tsaka. In tana ƙasa da 85, bar ta. In tana manne da 90 zuwa sama, sayi mai sanyaya irin mai tsayin nan, mai bututun tagulla huɗu da fanka mai milimita 120. Cikin duk ƙarin da za ka yi, wannan na cikin masu araha da amfaninsu ke fitowa nan take. Ka dai auna faɗin akwatinka tukuna, domin yawancinsu tsayinsu ya kai milimita 150 zuwa 160, murfin ƙaramin akwati ba zai rufu ba.

Abokina ya ce mai sanyaya da ruwa ya fi.

Ga furosesa mai cin wat 200, yana da gaskiya. Ga taka, kamar sayen tirela ne don ɗauko buhun masara ɗaya daga kasuwar Sabon Gari. Yana da famfo mai iya mutuwa ba sanarwa, ruwan na raguwa da shekaru, kuma shi ma a ƙarshe iskar ɗakin ce ke sanyaya shi. Mai iska in fankarsa ta mutu, sabuwa kawai za ka ɗaura.

Fanka nawa zan sa a akwati? Ko in cire murfin gefe kawai?

Uku sun isa: biyu a gaba suna shigo da iska, ɗaya a baya tana fitarwa. Iskar fanka tana fita ne ta ɓangaren da ke da sandunan da suka riƙe injinta. Duba da kyau, don na sha ganin an ɗaura duka ukun suna hura ciki. Zaɓi akwati mai raga a gaba. Wanda aka toshe gabansa da gilashi kyan ɗan maciji ne.

Dalilin sa masu shigowa su fi masu fita yawa shi ne ƙura. In iskar ciki ta ɗan fi ƙarfi, ta kowace kafa fita take yi, ƙura kuma ba ta da hanya sai ta gaba inda matata take. In masu fita suka fi yawa, akwatin zai riƙa zuƙo hazo ta kowane rami. Cire murfi yana rage zafi na ɗan lokaci, amma daga Nuwamba zuwa Fabrairu za ka tarar da haƙarƙarin mai sanyaya ya toshe kamar an yi masa yaɓe, ga kyankyasai da tsaka sun sami masauki.

Ɗora ta a kan tebur ko benci, ba a kan leda ko darduma ba, kuma ka bar tazarar hannu tsakaninta da bango. Da hunturu wanke matatar duk mako biyu, ta bushe sarai kafin ka mayar. Cikin kuma a hure shi da abin hura iska duk wata biyu ko uku, a waje, ka danne fankokin da yatsa kada iska ta juya su fiye da kima. Iskar hunturu busasshiya ce, jiki na tara irin wutar nan da ke ɗan tartsatsi in ka cire rigar sanyi. Taɓa ƙarfen akwatin kafin ka taɓa RAM ko madabod.

Man da ake shafa wa furosesa fa?

Ɗigo ɗaya kamar ƙwayar wake a tsakiya, nauyin mai sanyaya zai baza shi. Fankar da ta zo a kwali da nata a shafe. Sabon mai sanyaya yakan zo da leda manne a gindinsa, a ɓare ta. Sauya man bayan shekara biyu zuwa uku, ko duk sanda ka ɗaga mai sanyayar. A AM4, kunna kwamfutar ta ɗan yi ɗumi, ka murɗa a hankali kafin ka ja, in ba haka ba furosesar na iya biyo shi ta lanƙwashe ƙafafunta. Man goge baki ba ya wannan aikin, ko wa ya gaya maka.

Kayan hannu fa? Na ga tsofaffin kwamfutocin ofis da araha.

Dell OptiPlex, HP EliteDesk da Lenovo ThinkCentre an yi su ne don su yi shekaru suna aiki, kuma ga wanda aljihunsa ya yi ƙasa sosai, ɗaya mai i5 ƙarni na takwas, a ƙara mata RAM da SSD, ta fi sabon haɗi da kayan banza. Illarsu ita ce ba sa son ƙari. Akwatin wutarsu ƙarami ne, filoginsa na kamfanin ne kaɗai, siraran cikinsu kuma gajeren katin hoto kawai suke ɗauka.

Furosesa da RAM ba sa saurin lalacewa, ana iya sayensu na hannu. Akwatin wuta sabo. SSD na hannu, buɗe CrystalDiskInfo ka ga awannin da ta yi tana aiki da lafiyarta. Ko a PZ ka saya, ko ka je Kaduna, ko titin Beirut a Kano, ko aka aiko maka daga kasuwar kwamfuta ta Ikeja, ka ce da mai shago: "Alhaji, a rubuta mini lambar kayan da kwanakin garanti a rasit." Mai gaskiya ba zai ji haushi ba. Farashi kuwa da dala yake tafiya, don haka tara kuɗin ka sayi manyan kayan a mako guda. In ka saya ɗaya-ɗaya cikin wata huɗu, garantin na farko zai ƙare kafin ka san ko yana aiki.

Na haɗa, fanka na juyawa, amma monita ba ta kawo komai ba.

Kwantar da hankalinka, da wuya a ce wani abu ya ƙone. Fara da RAM: cire, mayar da guda ɗaya, danna har ka ji ƙas. Duba wayar furosesa mai baki 8 da ke saman madabod, wadda ake yawan mantawa. Ita ce mai rabuwa 4 da 4, mai rabuwa 6 da 2 ta katin hoto ce. In ka sa katin hoto, wayar monita a jikinsa za ta shiga, ba a madabod ba. In duk wannan daidai ne kuma madabod ɗinka B450 ce, koma wa mai shagon da maganar BIOS, ka tafi da rasit ɗinka.